Jinjina ga Masagan Bida

A Dakoro, ƙananan kofunan gilashin da ake zuba shayi a ciki duk daga waje ake kawo su, har wasu na ɗaukar narka gilashi aikin Turawa ne kaɗai. To, a leƙa unguwar Masaga a Bida, ƙasar Nupe, inda sana'ar ta zama gadon gida. Masagan na cewa kakanninsu daga Masar suka taso. A da, yashi da kanwa suke dafawa su samu baƙin gilashi. Yau fasassun kwalabe suke tarawa, kore daban, shuɗi daban.

Maƙerarsu ta laka ce. Yaro na zuga, gwani ya ɗebo narkakken gilashi da sandar ƙarfe, yana juyawa yana naɗewa, kafin ya huce ya zama munduwa ko tsakiya. Ba ma'auni, ido da hannu ne ke yanke hukunci.

Masani Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942, kuma a 2021 UNESCO ta sanya Bida cikin biranen fasahar hannu. Masaga, sannunku da wuta. Allah ya albarkaci masu tasowa.