Ɗantala Da 'Yan'uwansa, Da Irin Rabuwar Da Muka Sani

Mun sake karanta Born on a Tuesday na Elnathan John, wanda ya fito a 2015. A wannan karon ba kisan Sheikh Jamal ne ya tsaya mana a rai ba, 'yan'uwan Ɗantala ne. An tura su almajiranci, suka shiga Shi'a, shi kuma ya samu mafaka a masallacin Sheikh Jamal a Sakkwato. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma in suka haɗu sai ka ce baƙi. A nan marubucin ya yi gwaninta: ya nuna yadda jama'ar masallaci kan zame wa yaro dangi, ta ba shi tuwo da wurin kwana da daraja, har jininsa ya koma bare.

Inda muke da ja da shi shi ne gaggawar da yake yi zuwa ga jini. Da Malam Abdul-Nur ya ɓalle da mutanensa, sai labarin ya koma na wuƙa da soja. Rabuwar da muka sani a Ƙaura Namoda da Zurmi ba ta da wannan ƙara. Tun da aka kafa Izala a Jos a 1978, gidaje da yawa sun ga ɗa ya daina zuwa wazifa, ya ƙi bin mahaifinsa salla. Wani kuma daga Izalar ya koma zawiyya. Ba wanda ya zare takobi. Sai dai a yi suna ba a kai maka goro ba, a fasa ba ka auren 'yar kawu, abokin da ke ba ka bashin hatsi a kasuwar Shinkafi ya ce bana ba hali. Matar da mijinta ya sauya masallaci kuwa, ita ke rasa zuwa gidansu, alhali ba a ma tambayi ra'ayinta ba. Littafin bai ba irinta fili ba.

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Shi da Turanci ya rubuta. Marubutanmu na Hausa da ke cika Wattpad da WhatsApp da rikicin kishiya da uwar miji sun fi shi sanin waɗannan gidaje, amma da an zo kan aƙida sai su kauce, su ce wai jarumin "mai addini ne" kawai. Ba su faɗa mana masallacin da yake salla ba, balle wanda ya bari.