Mako Uku da Linux Mint a Sabuwar Kwamfuta: Saurin Nan Na Wane Ne?

Mai karatu, idan kwamfutarka tana ɗauke da Windows 10, to ka san cewa ranar 14 ga Oktoba, 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta, sai ga wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da kunnuwa kamar kullum. Sai dai duk wata kafa da ɓarayin intanet suka gano daga baya, a buɗe za ta zauna. Ita kuma Windows 11, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa: tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel ba ta karɓar akasarin masarrafan da suka girmi zubi na takwas. Tsohuwar kwamfutar teburina, ta hannu ce na saya tun ina digiri na biyu, ba ta cika ko ɗaya ba.

Don haka na yi ta maza na sayi sabuwa, 'yar ƙarama, ba ta fi kwanon sha ba. Kuma tunda an zo sauyi, na ce bari in sauya gaba ɗaya: maimakon Windows, na ɗora mata babbar manhajar Linux Mint 22. Yau mako uku ke nan. Ga abin da na gani.

Tukuna, mece ce ita? Babbar manhaja ita ce sarkin gida a cikin kwamfuta. Ita ke raba wa sauran manhajoji lokacin masarrafa da wurin ajiya, ita ke magana da kibod da firinta da allo. Zuciyar Linux wani ɗalibi ne a Helsinki, Linus Torvalds, ya fara rubuta ta a 1991, kuma idan wayarka Android ce, to kana yawo da ita a aljihu ba ka sani ba. Linux Mint kuwa wani Bafaranshe ne, Clément Lefebvre, ya fara ta a 2006. An gina ta a kan Ubuntu, kyauta ce, kuma zubi na 22 da ya fito a 2024 zai ci gaba da samun gyaran tsaro har 2029.

Ranar farko sauri ne ya ɗauke mini hankali. Na danna makunni, kafin in gyara zama ta gama buɗewa. Tsohuwar kuwa, sai in kunna ta in je in dafa shayi in dawo tana nishi. Nan take na ɗauki waya na fara yi wa abokan aiki wa'azi: ku bar Windows, ku dawo Linux. Wani abokina masanin lissafi ya tambaye ni abu ɗaya: "Abu nawa ka canza?" Shiru na yi, don kuwa ya kama ni da laifin da nake kama ɗalibai da shi. Abu biyu na canza a lokaci guda, na'ura da babbar manhaja, sannan na ɗauki yabon duka na ba guda. Manomin da ya sauya iri ya kuma zuba taki a shekara ɗaya, in gona ta yi kyau, ba shi da bakin cewa irin ne.

Bari in tsaya a nan kaɗan, domin wannan ne kuskuren da ya fi yawa a cikin labaran "na koma kaza, na ga bambanci" da ake bazawa. Tsohuwar kwamfutata faifai mai juyawa gare ta. A cikinsa akwai faranti da ke zagayawa sau 7,200 a minti, da wani ɗan hannu da ke kai-komo a kansa yana neman bayanai. Duk lokacin da aka nemi wani ɗan fayil, sai hannun ya matsa, sannan ya jira farantin ya juyo da wurin. Wannan jiran yakan kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Ka ce ai ba komai ba ne. To amma yayin kunnuwa, babbar manhaja tana karanta dubban ƙananan fayiloli da ke warwatse, ka ga jiran ya taru ya zama tsauni. Sabuwar kuwa SSD gare ta, babu abin da ke motsi a ciki, kuma takan kai ga bayani cikin lokacin da ya gaza wancan kusan sau ɗari. Kowace babbar manhaja ka ɗora a kan irin wannan ma'adana, gudu za ta yi.

Sai na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na kwashe fayilolina daga tsohuwar, na ɗora mata Mint ɗin ita ma, a kan faifanta na da. Ta ɗan yi sauƙi, ba ta cika nishin nan na bayan kunnuwa ba, amma tsohuwa dai tsohuwa ce. Na ari SSD na sa mata, sai ga ta tana tsalle kamar 'yar maraƙi. Wato kaso mafi tsoka na abin da ya burge ni ranar farko, na ƙarfe ne. Gwaji ɗaya ne a kan na'ura ɗaya, kar ka ɗauke shi binciken kimiyya, amma ya isa ya sa na janye wa'azina.

To mene ne nata na kanta? Na farko, ladabi. Ba ta nemi in buɗe wani asusu ba kafin ta bar ni in shiga, alhali Windows 11 ta gida tana neman intanet da asusun Microsoft tun wajen saitin farko. Babu talla a jerin manhajoji. Idan sabuntawa ta zo, wata 'yar garkuwa ce ke nuna alama a ƙasan allo, ta yi shiru tana jira. Kai za ka duba girmansu, ka zaɓi lokacin da za ka sauke, kuma ba za ta kashe kanta ta sake kunnuwa kana tsakiyar aiki ba. Ga mai sayen data da awo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Fuskarta, wadda ake kira Cinnamon, an tsara ta ne yadda ɗan Windows ba zai yi ɓatan kai ba: maɓallin farawa a kusurwar hagu ta ƙasa, agogo a dama. Wasu na ganin wannan rashin ƙirƙira ne. Ni ina ganin hankali ne. Wanda ya zo yin aiki ba yawon buɗe ido ya zo ba.

Na biyu, Timeshift. Wannan manhaja tana ɗaukar hoton tsarin kwamfutar lokaci-lokaci, in wani abu ya lalace sai ka koma yadda take jiya. Kwamfutar tebur ba ta da batir, kuma mun san halin wutarmu. Ɗaukewar wuta kana rubutu asarar sakin layi ce, amma ɗaukewarta ana tsakiyar sabunta zuciyar babbar manhaja na iya hana kwamfutar tashi gaba ɗaya. Ka lura fa, a saitinta na asali Timeshift tsarin take karewa, ba takardunka ba. Kundin bincikenka kai za ka kwafe shi wani wuri da hannunka.

Na uku, haruffanmu masu lanƙwasa. A cikin saitin kibod akwai tsarin Hausa na Nijeriya, akwai ma na Gana, ba sai ka sauke komai ba. In kuma ba ka son sauya tsari, a yawancin manhajoji za ka iya danna Ctrl da Shift da U tare, ka rubuta lambar harafin, ka danna Enter: 0199 ta ba ka ƙ, 0257 ta ba ka ɗ, 0253 ta ba ka ɓ. Gaskiya Windows ma tana da kibod na Hausa, don haka wannan ba nasara ba ce, kunnen doki ne. Abin lura ɗaya: in ka ga ƙ ta fito wata iri a tsakiyar kalma, siririya ko karkatacciya, salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da ita, sai kwamfuta ta aro daga wani salon. Koma kan Noto ko DejaVu ko Charis, magana ta ƙare.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Microsoft Word ba ya hawa Linux, sai dai wanda ake buɗewa ta intanet. Abin da ke zuwa da Mint shi ne LibreOffice, kuma yana buɗe takardun Word, yana adana su. Amma na buɗe wata maƙala da muke rubutawa mu uku, sai na tarar jadawali ya tsallaka shafi, lambobin shafuka sun goce. Dalilin ba asiri ba ne. Takardar Word ba ta ɗauke da hoton shafi, umarni take ɗauke da shi: wannan salon rubutu, wannan girma, wannan tazara. Salo irin su Calibri da Times New Roman suna da lasisi, ba sa zuwa da Linux. In babu su sai a musanya da wani, kuma in faɗin haruffa ya bambanta ko da gashin kai ne, layi ya karye a wani wuri, shafi ya biyo baya. Akwai magani: Carlito an yi shi daidai da awon Calibri, Liberation Serif daidai da Times New Roman. Da na tabbatar suna nan, yawancin matsalar ta kau. Amma ban ce duka ba. In kana rubuta kundin digiri, mai duba aikinka kuma da Word yake gyara, yana bin tazarar layi da ma'auni, wallahi ka yi tunani sau biyu kafin ka sauya a tsakiyar tafiya.

Haka batun manhajojin sana'a. R da Python da QGIS da Zotero duk suna aiki lafiya lau, kuma su ne abincina, shi ya sa ban ji jiki ba. Amma ArcGIS Pro ta Windows ce kawai, Photoshop ma ba ya hawa. Na'urorin ɗakin gwaji da yawa da manhajar Windows suke zuwa. Kafin ka saurari kowa, har da ni, rubuta manhajoji biyar da ba ka iya yini ba tare da su ba, ka bincika kowace.

Akwai kuma abin da ban so ba a tsarin ita kanta Mint. Manhajojin rumbunta na asali daga Ubuntu suke, kuma da gangan ake barin su a zubin da aka gwada, don kada su riƙa ba da mamaki. Kyakkyawar niyya ce, sai dai bayan shekara biyu sun tsufa. In kana son sabon zubi, sai a nuna maka Flatpak, wanda ke sauko da manhaja tare da duk kayan da take dogaro da su. 'Yar manhajar da ba ta kai ta kawo ba sai ta jawo ɗaruruwan megabait a karon farko. Waɗanda suka tsara wannan, da alama intanet ɗinsu ba ya ƙarewa. Duba girman da aka rubuta kafin ka danna.

Sauran ƙananan tuntuɓe na sabo ne. Babu C: babu D:, komai naka yana cikin folda guda mai sunanka. Rahoto.docx da rahoto.docx fayiloli biyu ne daban, don tana bambanta babban baƙi da ƙarami. A baƙin allon umarni, Ctrl da C ba kwafa yake yi ba, tsayar da aikin da ke gudana yake yi, kuma na koyi wannan ne bayan na kashe wani lissafi da ya yi nisa. Laifin yatsuna ne, sun shekara goma sha suna abu ɗaya. Irin wannan haushin na makon farko shi ma yaudara ne, kamar dai saurin ranar farko: hannu ne bai saba ba.

Abin da ya fi damuna ba a cikin kwamfutar yake ba. Masu amfani da Linux a kwamfutocin tebur da na cinya 'yan tsiraru ne, wajen kashi 4 cikin 100 a ƙididdigar StatCounter ta 2024. In Windows ta rikice, kowane mai gyara a bakin titi ya san ta. In Mint ta rikice, mai gyaran zai ce a goge a sa Windows. Taimakon da ke intanet da yawa, amma da Turanci yake, kuma sau da yawa layin umarni ake ba ka a ce ka kwafa ka liƙa. Duk layin da ya fara da sudo, mabuɗin gidan gaba ɗaya ka miƙa masa. Kar ka liƙa abin da ba ka fahimta ba. Firintata ma, wadda ba zan faɗi sunan masu ita ba, tana buga takarda amma ta ƙi ɗaukar hoton takarda sai da na kwana biyu ina lallashi.

To wa zan ba shawarar ya koma? Wanda aikinsa intanet ne, da rubutu, da lissafi, da kallo, musamman mai tsohuwar kwamfutar da Windows 11 ta ƙi. Shi wannan ba ya ma buƙatar sabuwar na'ura: SSD da filas mai gigabait 8 sun ishe shi. Fayil ɗin Mint kusan gigabait 3 ne, kuma za ka iya kunna ta daga filas ɗin ka gwada kibod, da sauti, da Wi-Fi, da firinta, ba tare da ka taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Za ta yi nauyi a haka, filas ne, kar ka yanke mata hukuncin sauri a nan. Mai shagon buga takardu da ke karɓar fayilolin Word na mutane daga safe zuwa dare, da ɗalibin da ya rage wata biyu ya kare kundinsa, su dakata tukuna.

Ni dai na zauna. Tsohuwar kwamfutar da na yi niyyar jefarwa a sito, na sayo mata SSD nata na mayar wa mai shi aronsa, yanzu tana ɗakin yara suna koyon buga rubutu. Maƙalar nan tamu kuwa, mun yi yarjejeniya da abokan aikina: ni ina rubutu da lissafi, gyaran shafi na ƙarshe a kwamfutar ɗayansu za a yi.