"Aiki da godiya": tsokaci kan littafin Echenberg da sojan ko-ta-kwana a Damagaram

A cikin Colonial Conscripts (1991), Myron Echenberg ya bayyana yadda dokar 1919 ta wajabta aikin soja na shekara 3 a Afirka ta Yamma ta Faransa. Samarin da likita ya tantance amma ba a sa su kaki ba, su ne "kashi na biyu" (deuxième portion), wato sojan ko-ta-kwana. Daga 1926, shekarar da aka ɗauke babban birnin Nijar daga Zinder zuwa Yamai, aka fara tura irin waɗannan mutane aikin ƙarfi.

Ƙididdigar littafin tana da amfani ƙwarai. Sai dai, a ganinmu, ƙididdiga ba ta nuna yadda mutum ya ɗauki aikinsa, kuma takardun hukuma sun iso gare mu ne ta bakin tafinta.

A nan ne matsalar harshe take. Idan aka tambayi Badamagare "Ina aiki?", zai ce "Da godiya", ko da kuwa aikin tilas yake yi. Wannan amsar gaisuwa ce. Mai bincike da ya fassara ta da satisfait ya auna ladabi a maimakon gamsuwa. Haka nan "sai haƙuri" ba résignation kaɗai ba ne, sau da yawa ƙorafi ne a sakaye.

Saboda haka, duk wanda zai yi nazarin ra'ayin mazan jiya ko iyalansu a Zinder, ya kamata ya naɗi doguwar hira da Hausa, ya ware gaisuwa daga shaida, kafin ya soma lissafi.