Muryar Mamman Barka da Igiyoyi Biyar na Biram

Duk lokacin da masana kiɗa suka zo maganar faɗin murya, sunan Yma Sumac ta ƙasar Peru ba ya ɓacewa. A kundinta na 1950, Voice of the Xtabay, takan tashi daga ƙasan maƙogwaro kamar namiji, ta haura har sai muryar ta koma kukan tsuntsu, zango huɗu ko fiye a tsanin sauti. Mai sauraro yakan riƙe baki, amma sau da yawa sai ya manta abin da waƙar ke faɗa.

Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Tesker a jihar Damagaram, bai bi wannan hanya ba. Tsohon malamin makaranta ne, Batube, wanda ya yi suna da gurmi kafin a 2002 ya tafi Tafkin Cadi wurin Bukar Tar, gwani na ƙarshe a kiɗan biram na masuntan Buduma. Kundin Introducing Mamane Barka, da ya fito a 2009 tare da makaɗi Ummaru Adamu, shi ne ɗiyan wannan almajirci.

A kundin, Barka ya tsare muryarsa cikin ɗan ƙaramin fili. Biram igiya biyar gare ta, kuma muryar ba ta yi mata nisa. Takan hau kaɗan a farkon baiti, sa'an nan ta gangaro ta kwanta kan igiyar ƙasa. Wanda ya saba da waƙar Hausa ya san dalili: harshe mai karin sauti ba ya barin mawaƙi ya yi ta tsalle yadda ya ga dama, don kalma na iya sauya ma'ana. Kaifin muryar da ɗan kaushinta su ne ke ratsa kalangu da ƙwarya.

Sai dai wannan kamewa tana da tsada. Zuwa tsakiyar kundin waƙoƙin sukan fara kama da juna, kuma a wasu wurare gangar Ummaru takan danne biram ɗin da aka zo ji.

Barka ya rasu a 2018. Malaman Magarya da Dungas da ke neman abin koya wa yara bambancin tsayin murya da iya sarrafa ta, za su same shi in suka saurari kundayen biyu a zama guda.