Ra'ayin Ɗora wa Uwa Laifin Galahanga: Sharhi a Kan Littafin Bettelheim

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin wani littafi da ya yi tashe a fagen ilmin halayyar ɗan Adam, watau The Empty Fortress na Bruno Bettelheim, wanda aka buga a Amurka a shekarar 1967. Ma'anar sunan littafin ita ce ganuwar da babu kowa a cikinta. Littafin yana magana ne a kan lalurar da likitoci suke kira otizim, wadda a kafofin watsa labarai na Hausa ake ce wa galahanga. Alamominta sun haɗa da ƙin haɗa ido da mutane, da rashin waiwayowa idan an kira yaro, da jinkirin magana ko maimaita abin da aka faɗa masa, da kuma nacewa a kan yin abu ta hanya ɗaya kullum. Abin da za mu auna shi ne hujjojin da marubucin ya kafa ra'ayinsa a kansu, domin kuwa ra'ayin ya jawo wa iyaye mata baƙin ciki mai yawa.

2.0 Marubucin da Ra'ayinsa

Likita Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins shi ne ya fara bayyana wannan lalura a shekarar 1943, bayan ya lura da yara 11. Ya ce da ita ake haifuwar yaro, amma kuma ya ambata cewa iyayen da ya gani masu ilmi ne, marasa sakin jiki da 'ya'yansu. Wannan magana ta biyu ita Bettelheim ya ɗauka ya gina littafi a kanta.

Shi Bettelheim mutumin Ostiriya ne. 'Yan Nazi sun tsare shi a sansanonin Dachau da Buchenwald daga 1938 zuwa 1939, sa'an nan ya yi ƙaura zuwa Amurka, inda ya shugabanci wata makarantar yara masu taɓuwar hali ta Jami'ar Cikago daga 1944 zuwa 1973. A sansanin ya ga fursunonin da tsananin azaba ya sa suka daina magana, suka daina kula da kowa. Sai ya kwatanta su da yaro mai galahanga, ya ce shi ma yaron ya janye daga duniya ne saboda tun yana jariri ya ji a jikinsa cewa iyayensa, musamman uwa, ba sa son kasancewarsa. Magani a wurinsa shi ne a raba yaron da gidansu.

3.0 Abin Yabo

Kafin mu shiga suka, lalle ne mu faɗi abin da littafin ya yi daidai. A zamanin da akan kai irin waɗannan yara gidajen ajiya a manta da su, Bettelheim ya nace cewa duk abin da yaro yake yi yana da ma'ana a wurinsa, kuma ya cancanci a zauna a lura da shi. Labarin Joey, yaron da ya ɗauki kansa tamkar na'ura mai aiki da lantarki, an rubuta shi da gwaninta ƙwarai. Sai dai wannan gwaninta ta alƙalami ita ce ta rufe wa masu karatu ido daga raunin hujjojin.

4.0 Raunin Hujjojin

Na farko, kashi mafi girma na littafin labarin yara uku ne kawai, Laurie da Marcia da Joey. Marubucin ya ce mafi yawan yaran makarantarsa sun sami sauƙi, alhali kuwa shi ne ya yanke hukuncin cewa suna da lalurar, shi ya yi musu magani, shi ne kuma ya auna sakamakon. Babu wani rukunin yara da aka kwatanta su da shi. Mai kaya ba ya zama alƙali a kan kyan kayansa.

Na biyu, ya ɗauki sakamako a matsayin sanadi. Uwar da ta shekara uku tana kiran ɗanta bai waiwayo ba, tana rungumarsa yana zamewa, dole a gan ta a gajiye, jikinta a sanyaye, ranar da ta zo gaban likita. Bugu da ƙari, ita wannan uwa sau da yawa tana da waɗansu 'ya'yan da ta rena a ɗaki ɗaya, kuma lafiyarsu lau. Littafin bai warware wannan ba.

Na uku, ma'aunin da aka auna soyayyar uwa da shi na al'ada ɗaya ne. A ƙasar Hausa mace takan yi kunyar ɗan fari: ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci ma kaka ce take renonsa. Da baƙo mai ra'ayin Bettelheim zai shigo gidan, da ya rubuta cewa uwar ba ta son ɗanta. Mu kuwa mun san alkunya ce, kuma mun san 'ya'yan fari suna tashi su yi magana su yi hulɗa kamar kowa.

5.0 Abin da Bincike ya Nuna

Tun kafin littafin ya fito, a 1964, Bernard Rimland, masanin halayyar ɗan Adam wanda ɗansa yake da lalurar, ya tattara hujjojin da suka nuna cewa tushenta yana cikin ƙwaƙwalwa. A 1971 Stella Chess ta sami galahanga da yawa a tsakanin yaran da iyayensu mata suka kamu da ciwon rubela, mai kama da ƙyanda, lokacin da suke da ciki. Har ila yau an lura cewa yaran da dama sukan kamu da farfaɗiya idan sun tasa. Hujja mafi ƙarfi ta zo a 1977, sa'ad da Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye guda 21 a Ingila. A cikin tagwaye 11 na ƙwai ɗaya, an sami 4 da duka biyun suke da lalurar, amma a cikin 10 na ƙwai biyu ba a sami ko ɗaya ba. Uwa ɗaya ce take renon tagwaye ko wane iri ne, saboda haka gado ne ya bambanta su.

Ta fuskar kulawa ma an bi wata hanya dabam. Eric Schopler, wanda shi ma a Cikago ya yi karatu, ya kafa shirin TEACCH a jihar Karolina ta Arewa a 1972, inda aka mai da iyaye abokan aikin malamai wajen koyar da yaron. Bayan rasuwar Bettelheim a 1990, waɗansu tsofaffin ɗalibansa sun fito fili sun ce yakan doke su, kana binciken Richard Pollak na 1997 ya nuna cewa digirinsa na falsafa ne.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa littafin ya gina babban hukunci a kan 'yan labarai, kuma binciken da ya biyo baya ya rushe shi. Abin da ya sa muka kawo shi gaban wannan taro shi ne, ɗora wa uwa laifi bai ƙare ba, kamanni kawai yake sauyawa. A wurinmu akan ce yaron ɗan ruwa ne, ko kuma a ce uwar ce ta yi yawo da tsakar rana ko da almuru tana da ciki har aljannu suka musanya shi. Sakamakon duka ɗaya ne: a ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki, shekarun farko da ya fi buƙatar koyarwa su wuce. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2022 ya ce kimanin yaro 1 cikin 100 yana da wannan lalura, don haka al'amarin ba na 'yan tsiraru ba ne. Shawararmu ga malamai ita ce a ci gaba da karantar da wannan littafi tare da binciken tagwayen, domin ɗalibi ya koyi tambayar marubuci yara nawa ya gani, da wa ya kwatanta su, kuma wa ya auna sakamakon.