Muryar Malam a Hannun Sipina

 

Ya 'yan'uwa, mu dai ba mu je wajen kiɗan ba, shi ne ya zo mana. Makonni kaɗan da suka wuce an yi biki a unguwarmu nan Walewale, aka jera lasifika a bakin hanya, aka tayar da janareta, sai ga kiɗa har cikin ɗakin da muke muɗala'a. Wannan mun saba. Abin da ba mu saba ba shi ne, wajen tsakar dare muka ji muryar da muka sani ta fito daga cikin gangar, muryar wani dattijon malami da ya yi shekaru yana tafsirin azumi a garin nan, Allah ya jiƙansa. Tana cewa: "Ku tashi, dare naku ne!" Ta faɗa, ta sake faɗa, ta sake, samari da 'yan mata suna amsawa da ihu.

Muna zaune a majalisin ranar da Malam ya faɗi wannan magana. Yana kwaikwayon abin da Shaiɗan yake raɗa wa matasa ne, da ya gama sai ya bi maganar ya rushe ta. Sipina ya yanke raɗar, ya zubar da rushewar. Kuma sipinan nan, kada mu ɓoye muku, ɗalibinmu ne a da. A gabanmu ya koyi tajwidi.

To, kafin mu yanke hukunci a kan aikin mutum, adalci ne mu san mene ne aikin. Wannan sana'a da mu a Ghana muke kira sipina, wasu kuma su ce DJ, tana da asali sananne. A ranar 11 ga Agusta 1973, a unguwar Bronx ta birnin Niyok a Amurka, wani saurayi haifaffen Jamaika mai suna Clive Campbell, wanda aka fi sani da Kool Herc, ya yi kiɗa a wani taron da 'yar'uwarsa ta shirya. Abin da ya shahara da shi: ya lura cewa a cikin kowane faifai akwai ɗan wuri da mawaƙi da sauran kayan kiɗa suke yin shiru, ganga kaɗai ta rage, kuma a nan ne masu rawa suka fi zabura. Sai ya nemo faifai biyu iri ɗaya, ya ɗora kowanne a kan garmahonsa. Idan wurin gangar ya ƙare a na dama sai ya saki na hagu, ya mayar da allurar na dama baya. Daƙiƙu kaɗan suka zama mintoci. Bayansa Grandmaster Flash ya daidaita hanyar har ba a jin wurin haɗi, Grand Wizzard Theodore kuma aka san shi da goga faifai gaba da baya a ƙarƙashin allura har gugar ta zama kiɗa. Yaranmu na yau ba su da faifai, kwamfuta ce da wani akwati mai faranti biyu, amma hannun shi ne dai wancan hannun.

Kuma yaron nan ya iya. Wani ɗalibi ya kawo mana hoton bidiyon a wayarsa, muka duba don mu san abin da za mu yi magana a kai. Ya ɗauko kiɗan lunga irin namu na gida, ya shigar da shi cikin amapiyano na Afirka ta Kudu, ya rage saurin wannan ya ƙara na wancan har suka taka tare, ba ka jin ɗinki. Yana sanin inda zai cire gangar ƙasa ya bar mutane a rataye, ya ƙirga, sannan ya sake ta. Mun gane kunnen nan. Shi ne kunnen da yake rarrabe maddi mai wasali biyu da mai huɗu da mai shida tun yana ɗan shekara goma. Wanda ya ce babu gwaninta a wajen, bai saurara ba.

Sai dai ku ɗaliban Larabci, ku tuna cewa ɗauko guntun maganar wani a saka cikin taka ba Amurka ce ta fara shi ba. Malaman balaga sun yi masa babi. A ƙarshen Talkhisul Miftah, Ƙazwini ya yi magana a kan satar waƙa da abin da ya danganci haka. A ciki akwai tadmini, wato mawaƙi ya saka baitin wani a cikin waƙarsa. Akwai iƙtibasi, wato ya ɗauko daga Alƙur'ani ko Hadisi. Kuma sun sa wa tadmini sharaɗi: idan baitin ba sananne ba ne a wajen ma'abota fasaha, to sai ka yi nuni cewa ba naka ba ne. Misali mafi kusa da mu shi ne Ishiriniya da muke rerawa a Maulidi. Asalin na Alfazazi ne, Ibn Mahib ya zo ya yi mata tahmisi, ya ƙara nasa a kan kowane baiti. Ɗaruruwan shekaru ke nan, daga Kano har Salaga, sunan mutum biyun yana tafiya tare da littafin, kuma ƙarin bai juya ma'anar asalin ba, hidima ya yi mata.

Da wannan ma'auni muke auna sipina, domin aikinsa tadmini ne da na'ura. A nan ne kuma ya faɗi, ta fuska biyu.

Ta farko ita ce suna. Wannan aibi ya daɗe a cikin sana'ar. A 1969 wata ƙungiyar mawaƙa a Amurka, The Winstons, ta fitar da faifai mai suna "Amen, Brother". A tsakiyarsa makaɗinsu Gregory Coleman ya buga ganga shi kaɗai na abin da bai wuce daƙiƙa bakwai ba. Wannan guntu an yanke shi an saka a cikin dubban waƙoƙi. A Ingila, farkon shekarun 1990, an ƙara masa sauri an daddatsa shi har aka gina sabon salon kiɗan gidajen rawa a kansa. Coleman ya rasu a 2006 cikin talauci, bai samu kuɗin haƙƙinsa daga wannan ba, kuma mafi yawan masu rawa da gangarsa ba su taɓa jin sunansa ba. Ku gwada wannan da makaɗan lunga na Yendi. Ba muna cewa duk abin da suke yi mun sa masa hannu ba, a'a. Amma idan suka zauna a ƙofar fada suna jero tarihin sarakunan Dagbon, aikinsu gaba ɗaya ambaton suna ne: wane ɗan wane, wanda ya gaji wane. Makaɗin gargajiya yana ɗauke da wani abu mai kama da isnadi. Yaronmu ya ɗauki lungar, bai san wanda ya buga ta ba, bai san ma kirarin wa take yi ba. Mun tambaye shi. Ya ce daga intanet ya sauke.

Ta biyu ta fi nauyi, ita ce wurin yanka. Ya ku ɗalibai, me ya sa muke ba ku wahala a kan waƙafi da ibtida'i? Me ya sa idan yaro ya tsaya a tsakiyar aya ta 43 cikin Suratun Nisa'i, ya karanta hanin ya bar halin da aka ɗaure hanin da shi, muke dakatar da shi nan take? Domin tsayawa a wurin da bai dace ba tana iya mayar da magana kishiyarta, alhali ba a canza ko harafi ɗaya ba. Wannan shi ne ainihin abin da aka yi wa Malam. Muryarsa ce, lafazinsa ne, babu ƙari. Amma an sa shi ya faɗi abin da ya ƙare rayuwarsa yana hanawa, a bakin titi, da ƙarfin da iyalinsa suna jin sa daga cikin gida. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya same mu bayan sallar Asuba, bai iya ƙarasa maganar ba.

Yaron ya ce wai wasa ne, kowa ya san Malam ba zai faɗi haka ba. Mu da muka zauna a gabansa mun sani. Yaron da aka haifa bayan rasuwarsa fa? Shi abin da zai riƙe na Malam kalmomi biyar ne a kan ganga. Kuma a lura, Allah ya tsare, maganar Malam ce aka yanka, ba aya ba. Suyuɗi ya ambata a cikin Itƙan cewa Malikawa sun shahara da tsanantawa a kan iƙtibasi daga Alƙur'ani, wannan fa a waƙar baka da rubutu. To ina ga a ɗora karatu a kan kiɗan rawa? Na'urar da ta yanka wa'azi yau ba ta san bambancin wa'azi da tilawa ba.

Ba mu buɗe babin hukuncin kiɗa a wannan rubutu ba, kun san saɓanin malamai a kai: Imam Gazali ya faɗaɗa da sharuɗɗa a cikin Ihya'u, Ibn Ƙayyim ya ƙuntata, malaman mazhabarmu kuma sun yi rangwame ga bandiri a wajen aure. Wanda ma ya ɗauki ra'ayi mafi sauƙi a cikinsu ba zai samo izinin jingina wa mamaci abin da bai nufa ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne walima. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ce a amsa gayyatar walimar aure matuƙar babu wasa bayyananne ko munkari a wajen. Saboda haka daga yanzu, duk wanda ya kawo mana goron ɗaurin aure, za mu ɗaura insha Allahu kamar kullum, amma kafin mu amsa walima za mu tambaya: akwai sipina? Ƙarfe nawa zai kashe? An yi masa sharaɗi kada ya taɓa muryar malami ko karatu? Kada mai gida ya ji haushin tambayar.

Shi kuwa yaron, ya zo ya durƙusa, ya goge abin daga kwamfutarsa a gabanmu, kuma mun raka shi gidan Malam ya nemi gafara. Sun yafe. Sai dai ya gaya mana gaskiya cewa tun daren ya tura wa abokan sana'arsa a Bawku da Tamale ta WhatsApp, ba shi da ikon dawo da shi. Duk wanda abin ya shigo wayarsa, muna roƙo ya goge, kada ya tura. Muna da kaset ɗin cikakken majalisin da Malam ya yi maganar, za a saka shi a masallaci ranar Alhamis bayan Isha'i, daga farko har inda shi da kansa ya tsaya.