Zanen Almara a Ƙasar Kano: Sharhi a kan Sana'ar da Tushenta

1.0 Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi nazarin wata sana'a da matasa ke shiga a ƙasar Kano, tun daga birni har garuruwa irin su Yola ta ƙasar Karaye da Rogo, wato zanen almara. Abin nufi shi ne zana jarumai da aljanu da dodanni, a bangon littafi ko a jikin manyan motoci, ko kuma a kwamfuta a ɗora a Facebook. Ra'ayina shi ne, hannun masu zanen ya ƙware, amma idonsu na kallon waje, kuma wannan ne ya hana sana'ar tsayawa da ƙafarta.

2.0 Inda Aka Fito

Adabin Hausa bai taɓa rasa almara ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar 1933, cike suke da aljanu. Haka nan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Da Adabin Kasuwar Kano ya bunƙasa daga shekarun 1980, sai littattafan yaƙi, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, suka buɗe wa masu zane kasuwa, domin bango shi ke fara kiran mai saye.

3.0 Abin da Bangon Ke Nunawa

Duk wanda ya jera waɗannan littattafai zai lura da abu guda. Jarumin ƙirarsa ta 'yan wasan finafinan Indiya ce ko ta Amurka, takobinsa da sulkensa na Turawan da ne, dodon kuwa mai fukafukai ne yana aman wuta, irin na tatsuniyar Turai. Ba na musun gwanintar da ke ciki, domin akwai masu iya haɗa launi da fitar da motsin doki yadda zai burge. Sai dai ba kasafai ake ganin lifidi ko kwalkwali ko kwari da baka irin na mayaƙanmu ba, alhali ga irinsu a Gidan Makama, ga su kuma a Hawan Sallah.

Illar wannan ta shafi aljihu kai tsaye. Mai zanen da ke kwaikwayon dodon Turai yana gasa ne da dubban masu zane na duniya waɗanda suka fi shi kayan aiki, ga kuma manhajojin kwamfuta da ke fitar da irin wannan hoto cikin daƙiƙoƙi. Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

4.0 Taskar da Aka Bari

Tarihin Kano ya siffanta Barbushe a matsayin ƙaƙƙarfan mutum mai kashe giwa da sanda ya ɗauko ta a ka, wanda shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura a Dala. Daura na da Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu. Frank Edgar ya tattara tatsuniyoyi cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913. Bori kuma ya ba kowane iska kamanni da tufafi: Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai ado da kyauta, ga Kuturu, ga Sarkin Rafi, ga Inna, duk a birninsu na Jangare. A wasu ƙauyukan yammacin Kano, inda har yanzu akwai Maguzawa, ana samun dattawan da suka san waɗannan siffofi.

A nan ne ainihin aikin mai fasaha yake. Gizo, alal misali, gizo-gizo ne, amma yana noma, yana da mata Ƙoƙi, yana kuma da tsamin baki. To, da wace siffa za a zana shi? Dodo kuwa tatsuniya ba ta cika bayyana shi gaba ɗaya ba, tsoronsa na cikin ɓoyuwarsa. Wanda ya warware waɗannan matsaloli da basira, shi zai kafa siffar da yaran gobe za su riƙa gani in an ce ga ta nan, ga ta nanku.

Akwai darasi a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai, ciki har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, bisa aƙidar haɗa dabarun zamani da gadon gida. Onobrakpeya ya gina sunansa a kan almarar Urhobo, har duniya ta san shi. A Zariya aka yi wannan yunƙuri, amma almarar Hausa ba ta ci moriyarsa yadda ya kamata ba.

5.0 Matsaloli Biyu

Ta farko ita ce addini. Malamai sun yi bayani a kan zana abu mai rai, kuma jama'a na ƙyamar duk abin da ya yi kama da raya maguzanci. Wajibi ne mai zane ya nemi sani, ya kuma bayyana cewa aikinsa adana tarihi ne. Bugu da ƙari, muna da salon ado na gida, kamar dagi da aska takwas da zayyanar allo, waɗanda za su iya ɗaukar nauyin hoto ba tare da an fito da fuska ƙarara ba.

Ta biyu ita ce haƙƙi. Sau da yawa akan biya mai zane sau ɗaya, a sake buga littafi ba sunansa a jiki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare aikin zane, amma yana da kyau mai shi ya sa hannu a aikinsa, ya kuma nemi yarjejeniya a rubuce.

6.0 Kammalawa

A ganina, matashin da ke son cin abinci da wannan sana'a ya fara da zama gaban tsofaffin garinsu da littafin zane a hannu, ya ziyarci Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, sannan ya nemi masu buga littattafan makaranta da masu shirya finafinan yara. Su kuma hukumomin al'adu, ya dace su riƙa shirya baje koli da gasa domin waɗannan matasa. Da tsohuwar zuma ake magani.